Yadda na shiga digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta da sakamako mai daraja ta uku

Ranar da jerin sunayen waɗanda aka ɗauka digiri na biyu ya fito, sau uku na bi shi daga sama har ƙasa a wayata, sannan na tafi kafe na sa aka buga mini shi a takarda, ko idona ne ya tsallake. Babu sunana. Washegari na hau mota na tafi jami'ar, na sami ma'aikacin da ke kula da fayilolin masu neman gurbi a sashen kimiyyar kwamfuta. Mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya nemo fayil ɗina. Bai ma buɗe shi duka ba, ya zaro kwafin shaidar digirina ya ɗora yatsa a kan layin da aka rubuta darajar digirin. Ya ce, "Malam, ai ba ta nan za ka shigo ba. Wannan ko teburin kwamiti bai kai ba." A 2017 aka yi haka, ban jima da gama bautar ƙasa ba.

Darajar da ya nuna ita ce ta uku, wadda ɗalibai ke ce wa tad kilas. Makina na ƙarshe 2.21 ne cikin 5.00. Ga wanda bai bi ta jami'ar Nijeriya ba, kowane kwas yana da nauyinsa, yunit biyu ko uku ko huɗu. Wanda ya ci 70 zuwa sama ya sami A, maki 5 ke nan, B maki 4, C 3, D 2, E 1, F kuwa sifili. Ana ninka makin da yunit ɗin kwas, a tara duka, a raba da jimillar yunit ɗin da mutum ya yi wa rajista. Daga 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya ce, 3.50 zuwa 4.49 ta biyu babba, 2.40 zuwa 3.49 ta biyu ƙarama, 1.50 zuwa 2.39 kuma ta uku. Yawancin jami'o'inmu ba sa duba takardar mai neman mastas, wato digiri na biyu, na bincike sai yana da aƙalla daraja ta biyu ƙarama. Abin da ya raba ni da wannan ƙofa 0.19 ne.

A aji ɗaya da aji biyu aka yi ɓarnar. Mahaifina ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki ina zangon farko, ni ne babba a ɗakinmu, kuma da gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano nake taimaka wa gida. Jami'ar tana wata jiha. Ranar Alhamis da yamma nake barin makaranta, sau da yawa sai Talata nake komawa. Na gama aji biyu da 1.6 da keri-oba huɗu, wato kwasa-kwasan da na faɗi sai na sake su, kuma a jami'armu F ɗin da ka ci ba ya gogewa ko ka sake kwas ɗin ka ci, yana nan cikin lissafi. Daga baya na zauna na buga: in mutum ya rufe rabin karatunsa da 1.6, sai ya riƙa kawo kusan 3.2 a sauran rabin kafin ya taɓa 2.40. Ni kusan 2.8 na iya kawowa.

Shekara da shekaru wannan labarin nake ba duk wanda ya tambaye ni, kuma babu ƙarya a ciki. Sai dai rabin gaskiyar ne. Ɗaya rabin shi ne na raina lissafi. Na iya rubuta manhaja tun ina aji biyu, 'yan ajinmu ni suke kawo wa aikinsu in ya ƙi tashi, sai na ɗauka kwasa-kwasan lissafi da na nazari wahala ce kawai da malamai suka ɗora mana. In na dawo daga Kano ranar Talata, lakcar da nake zaɓar in bari ita ce ta lissafi.

Bayan an ƙi ɗaukata, abin da na fara yi shi ne abin da da yawa daga cikinmu ke yi: na ce bari in nemi waje, don ana ta cewa can aiki ake dubawa, takarda ba ta dame su ba. Na yi wata biyu ina bincike. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin wasu jami'o'in Amurka kan sassauta wa mai ƙaramin maki in ya kawo wata shaida mai ƙarfi. Amma su ma takardar sakamako suke fara nema, sau da yawa a ce sai wata hukuma irin WES ta juya makin zuwa ma'auninsu na 4.0, kuma galibinsu daga 3.0 suke farawa. Ga jarrabawar GRE, wadda ake ba ɓangaren lissafinta da na Turancinta maki daga 130 zuwa 170 kowanne, kuɗinta a lokacin ya haura dala 200. Ga jarrabawar gwajin Turanci ta TOEFL ko IELTS, ga kuɗin fom na kowace jami'a daban. Na duba mastas ɗin da jami'ar Georgia Tech ta fara bayarwa ta intanet a 2014, wanda duka kuɗinsa bai wuce kusan dala 7,000 ba. A wurinsu araha ce ƙwarai. A wurina, da dala tana wajen naira 360 a kasuwar canji, kusan miliyan biyu da rabi ke nan. Tallafin karatun da na duba kuwa, na gida da na waje, kusan duk daga daraja ta biyu babba suke fara magana. Na rufe wannan babin.

Sai na koma tsohuwar jami'ata wurin wani malami da ya koyar da mu tsarin adana bayanai, kwas ɗin da na ci D. Na tafi da kwamfutata don in nuna masa wata manhaja da na rubuta wa masu shaguna, wadda ke riƙe musu lissafin kaya da na bashi, kuma 'yan kasuwa da dama na amfani da ita. Niyyata ya gani ya rubuta mini takardar shaida mai zafi da za ta rufe wancan sakamakon.

Ya duba, ya danna nan ya danna can, ya ce aiki ya yi kyau. Sannan ya ce, "To, in kayan shagon nan sun kai miliyan ɗaya, an jera sunayensu bisa haruffa, sau nawa kwamfutarka za ta duba kafin ta gano guda ɗaya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai rumbun bayanai ne ke yin wannan."

Ya ce, "Na sani. Ta yaya yake yi?"

Na yi shiru. Ya jawo bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa ya rubuta 1,000,000. Ya ce ka buɗe tsakiya, in sunan da kake nema yana gaba ka watsar da rabin baya. Ya rubuta 500,000 a ƙasa, sannan 250,000, sannan 125,000, ya miƙo mini biro ya ce in ci gaba. Na yi ta rabawa biyu ina ƙirgawa har na kai ɗaya. Mataki 20. Ya ce in ka ninka 2 da kanta sau 20 za ka sami 1,048,576, shi ya sa. Sannan ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Wannan a makon farko-farko na kwas ɗina muka yi shi."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa samun taimako irin nata ba. Abin da ya faɗa mini bayan nan shi na riƙe har na shiga. Ya ce kwamitin ɗaukar ɗalibai ba ya zama don ya ji abin da ya same ka, tambaya ɗaya yake wa kowane fayil: in mun ba wannan gurbi, zai iya? Takardarka ta amsa musu da a'a. Babu wasiƙar da zan rubuta da za ta canza wannan amsar, sai ka kawo musu wata takardar, sabuwa, wadda ta auna abin da waccan ta auna, ita kuma ta ce e. Ya ce in je in yi diflomar gaba da digiri, wato PGD, kuma in yi ta a sashen da nake son yin mastas ɗin, don malaman da za su zauna a kwamiti su riga sun san ni a aji.

Ya kuma ja mini kunne a kan abu ɗaya da ya kamata duk mai irin matsalata ya sani kafin ya biya ko sisi. Mastas iri biyu ne. Akwai na bincike, wanda ake rubuta kundi a kare shi, shi ne hanyar digiri na uku da koyarwa a jami'a. Akwai kuma na ƙwarewar aiki, wanda sharuɗɗansa suka fi sauƙi, kuɗinsa kuma ya fi yawa. Ba kowane sashe ne ke yarda mai daraja ta uku ya haura zuwa na binciken ba ko da ya yi PGD. Don haka na koma wurin wancan ma'aikacin na jami'ar da ta ƙi ɗaukata, shi kuma ya haɗa ni da malamin da ke kula da karatun gaba da digiri a sashen, na tambaye shi baki da baki. Ya ce suna yarda, da sharaɗin in fito da 3.50 zuwa sama.

Saura kusan wata takwas a fara karatun PGD ɗin, kuma na san in na shiga da kan da na fito da shi, abin da ya faru a baya zai sake faruwa. Sai na fara daga tushe. Ina sayen datar dare mai araha in sauke darussan CS50 na jami'ar Harvard da na MIT OpenCourseWare, waɗanda kyauta ake saka su, in yi cajin kwamfuta da rana a shago da wutar janareta, in zauna da su bayan sallar asuba kafin in fita kasuwa. Kuskuren da na yi a watan farko shi ne kallo kawai. Malami na bayani, ina gyaɗa kai, komai ya zauna daram, amma in na rufe kwamfuta na ɗauki tambaya ɗaya sai in kasa. Daga nan na sayi littattafan rubutu na 'yan makaranta, na sa wa kaina doka: duk bidiyon awa ɗaya, sai na yi awa biyu da biro.

Lissafin da ake kira diskirit, wato na manɗiƙi da rukunoni da kafa hujja, shi ya fi ba ni wuya, kuma shi ne wanda na ci F a aji biyu. Na yi mako biyu a kan hujjar da ake kira indokshin ban gane dalilin da ya sa take hujja ba. Ana so ka tabbatar cewa in ka tara lambobi daga 1 zuwa n, amsar ita ce n sau n+1 a raba biyu. Sai a ce ka nuna ya yi a kan 1, sannan ka ɗauka ya yi a kan wata lamba ka nuna zai yi a kan mai bi mata. Ni kuwa ina ganin ai ka riga ka ɗauki abin da ake so ka tabbatar. Wata safiya ina kallon yaran unguwa sun jera ɓallayen bulo a tsaye suna ture na farko sauran na bi, sai abin ya faɗo mini. Abu biyu kawai ake buƙata: na farko ya faɗi, kuma kowanne in ya faɗi ya taɓa na gabansa. Na koma ɗaki na rubuta hujjar da hannuna daga farko har ƙarshe. Ina da shekara 27 a lokacin.

A 2018 na fara PGD. Zango biyu ne da furojet, wato aikin bincike na kammala karatu, darussan kuma Juma'a da yamma da Asabar. An tsara shi ne musamman don waɗanda suka fito daga wani fanni, saboda haka 'yan ajinmu masu digirin lissafi ne da fiziks da injiniya, da masu babbar difloma, da ma'aikatan banki, da malaman sakandare. Ni mai digirin kimiyyar kwamfuta ina zaune ana koya mini abin da takardata ta ce na riga na karanta. Makon farko wannan ya tsaya mini a rai. Daga baya na ga alherinsa, domin masu lissafi suna koya mini hujja, ni ina koya musu rubuta manhaja da harsunan kwamfuta na Python da Java, muka zama ƙungiyar karatu ta mutum biyar da ba ta watse ba har muka gama. Lakca ɗaya ban bari ba a shekarar nan. Ƙanena ya riƙe teburina a kasuwa ranakun karatu, kuma ba zan manta masa ba.

Takardar sakamako ta kwas-kwas, wato tiranskirif, ita ta kusa kayar da ni ba tare da laifin karatu ba. A lokacin ba a ba ɗalibi ita a hannu, jami'a ce ke aika wa jami'a. Na biya kuɗi, na zauna ina jira, wata uku shiru. Da na je da kaina sai na tarar makin wani kwas na aji biyu da na sake ba ya cikin fayil ɗina, aikin ya tsaya, kuma babu wanda ya sanar da ni. Sai da na yi tafiya uku, aka tono tsofaffin takardun sakamako a sashe, malamin kwas ɗin ya sa hannu, kafin aka aika. Zuwa da kai ya fi saƙo, a wannan harka kam babu tantama. Wanda zai nema ya fara bin ta aƙalla wata shida kafin a rufe fom.

Furojet ɗina ya fito ne daga abin da nake gani kullum a waya. Yawancinmu ba ma sa haruffa masu lanƙwasa in muna rubuta Hausa, sai kasa ta tsaya a madadin ƙasa, kafa a madadin ƙafa, fada a madadin faɗa, kara a madadin ƙara. Mutum yana ganewa daga abin da ke kewaye da kalmar, kwamfuta kuwa ba ta sani ba. Na tara rubutun Hausa da aka yi da haruffa daidai, na rubuta manhajar da ke ƙirga wace kalma ce ta saba zuwa kafin wace da bayan wace, ta yadda in ta ga "ya tafi fada wurin sarki" za ta bar d ɗin yadda yake, in ta ga "sun yi fada da makwabci" ta mayar da shi ɗ. Sigar farko tana bin jerin kalmomi ɗaya bayan ɗaya, sai ta yi minti da minti a kan shafi kaɗan. Da na sauya yadda take adana kalmomin zuwa teburin da ke kai ta wurin kalma kai tsaye, sai ta koma gamawa kafin in ɗauke hannu. Ranar na tuna da bayan takardar nan mai 1,000,000. Manhajar tana kuskure, musamman a gajerun jimloli da babu abin da za ta jingina da shi, kuma na rubuta babi guda a kan irin kurakuranta. Malamin da ya duba aikin ya ce wannan babin ya fi burge shi a kan sauran.

Na fito da 4.32.

Da na zo cike fom ɗin mastas a karo na biyu, ana son shaidar mutum uku da ɗan bayanin dalilin neman karatun. Na rubuta shafi biyu, fiye da rabi a kan ciwon mahaifina da zirga-zirgar Kano. Na kai wa malamin da ya duba furojet ɗina. Ya karanta, ya ja layi a kan kusan duka, ya bar mini jimla biyu: cewa sakamakon digirina na farko ya yi rauni saboda nauyin gida da kuma sakacina da kwasa-kwasan lissafi, da cewa na sake waɗannan kwasa-kwasan a PGD, ga abin da na ci. Sauran shafin ya ce in cika shi da abin da nake son bincikawa. Kalmar sakaci ta yi mini nauyi, na so in cire ta, ya ce in bar ta. Takardar shaidar da shi ya rubuta mini ba irin wadda aka saba ba ce, ta yaro mai ladabi da ƙwazo. Ya faɗi kwas ɗin da ya koyar da ni, da makin da na ci, da matsalar da furojet ɗina ya ɗauka da yadda na warware ta. Ta biyu tsohon malamina ne ya rubuta, bayan na koma na nuna masa littattafan rubutuna. Ta uku wani malamin PGD ɗin.

A ƙarshen 2019 aka kira mu jarrabawar tantancewa. Awa ɗaya da rabi ce, kuma tambayoyin tushe ne: bambancin tari da layi, wato adana bayanai kamar tarin faranti da ake ɗaukar na sama, ko kamar layin gidan mai da na gaba ke fara sha, wane salon jera lambobi ya fi sauri in sun yi yawa, kuma me ya sa, da hujja ɗaya ta indokshin. Bayan nan aka shiga da mu gaban malamai huɗu ɗaya bayan ɗaya. Wata farfesa ce ke riƙe da tiranskirif ɗina. Ta juyo da shi ta nuna mini shafin aji biyu, inda F suka jeru, ta ce, "Me ya faru a nan?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, mahaifina ba shi da lafiya a lokacin, ina yawan barin makaranta. Amma wannan da wannan," na nuna kwasa-kwasan lissafi biyu, "ni na ƙi mayar da hankali a kansu. Na sake su a PGD, na ci A da B."

Ta dube ni, ta juya shafi, ba ta ƙara komai a kai ba. Sauran mintunan duk a kan furojet aka yi su. Ɗaya daga cikin malaman ya ce in manhajata ta ga kalmar fada ita kaɗai a jimla, babu komai gabanta da bayanta, me za ta yi? Na ce za ta zaɓi wadda ta fi yawa a rubutun da ta koya, kuma sau da yawa za ta yi kuskure, shi ne ma abin da nake son in yi aiki a kai. Ya rubuta wani abu a takardarsa.

Sunana ya fito a farkon 2020. Na karanta wa mahaifina takardar yana kishingiɗe, na fassara masa layi-layi. Maganarsa ba ta fita sosai tun da ciwon ya same shi, amma ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya ya daɗe bai saki ba, mahaifiyata na gefe tana ta sa albarka. Kafin mu fara komai aka rufe makarantu saboda korona a watan Maris, yajin aikin malaman jami'o'i kuma ya kai har Disamba, sai a 2021 muka yi rajista.

Ranar rajistar, wancan ma'aikacin ne dai a teburin. Ya gane ni, muka gaisa, ya tambayi mutanen gida. Ya jera takarduna a sabon fayil yadda ƙa'ida ta ce: sakamakon sakandare, shaidar digiri mai daraja ta uku, ta bautar ƙasa, sannan ta PGD. Ya buga hatimi a fom ɗin kwasa-kwasai, ya miƙo mini kwafina, ya ce lakcar farko ranar Litinin ce ƙarfe takwas, a ɗakin da ke kusa da ɗakin kwamfutoci.